Mako huɗu a asibitin da ba naka ba

Idan aka shiga ajin kimiyya na babbar sakandare a Bagudo ko Illo ko Ka'oje aka ce masu son zama likita su ɗaga hannu, hannuwa za su tashi da yawa. Tambaye su hanyar, za su karanto maka ita kamar karatun allo: a ci WAEC ko NECO da kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a sami maki mai tsoka a JAMB, a yi shekara shida a jami'a, daga nan sai farar riga da abin sauraren ƙirji rataye a wuya. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai wani yanki na tafiyar da ba a cika faɗa wa ɗan sakandare ba, kuma a kansa muke son mu zauna a wannan makon.

Kaso mai yawa na horon likita a wajen makarantarsa ake yin sa. Tura shi ake yi wani asibiti, a wani gari, cikin mutanen da ba su san shi ba, ya yi makonni ko watanni yana aiki a ƙarƙashinsu. Ɗaliban likitanci suna kiran wannan turi da suna fostin. Sau da yawa abin da waɗannan baƙin idanu suka gani a tattare da yaro ko yarinya shi ke buɗe ƙofar gaba, shi ke kuma rufe ta.

Matakalar tukuna

Don a fahimci inda turin yake shigowa, sai an san matakalar gaba ɗaya. Shekarar farko a jami'a ta kimiyya ce zalla, kusan ci gaban abin da kuke yi yanzu. Daga nan sai karatun sassan jikin ɗan'adam da yadda suke aiki da sinadaran da ke cikinsu. Wanda ya tsallake jarrabawar wannan mataki ne ake shigarwa asibiti, ya yi shekarun ƙarshe a gefen gadon marasa lafiya har ya sami digirin MBBS.

Digirin bai isa a sakar masa asibiti ba. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likita da na likitan haƙori a Nijeriya, lasisin wucin gadi take ba shi, ya yi wata 12 yana sanin makamar aiki a sassa huɗu: sashen cututtukan manya, da na tiyata, da na yara, da na mata da haihuwa, kowanne kimanin wata uku. Idan manyansa suka sa masa hannu, sai cikakken lasisi, sai shekarar hidimar ƙasa.

A nan hanya take rabuwa biyu. Wani zai kama aiki a babban asibitin gwamnati ya ci gaba da duba kowace irin cuta. Wani kuma zai so ya ƙware a fanni ɗaya, kamar ido ko ƙashi ko yara ko ƙwaƙwalwa. Mai wannan buri sai ya ci jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejojin ƙwararru: ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta likitocin Afirka ta Yamma, ko takwararta ta masu tiyata. Bayan nan ya nemi gurbi a asibitin da aka amince ya ba da horo, irin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Ahmadu Bello a Shika, ko na Malam Aminu Kano. Su ne likitoci masu neman ƙwarewa da kuke jin sunansu a rediyo duk lokacin da ƙungiyarsu ta NARD ta shiga yajin aiki. Horon yakan ci shekara huɗu zuwa shida, gwargwadon fanni, da manyan jarrabawa biyu a ciki. Daga cikinsu ake samun ƙwararrun da ke koyarwa, masu zama malaman jami'a har su kai farfesa.

Ku lissafa da kanku. Wanda ya gama sakandare yana ɗan shekara 18, ko babu yajin aiki ko faɗuwa jarrabawa, sai ya haura talatin kafin a kira shi ƙwararre. Guraben kuma ba su kai yawan masu nema ba.

Yadda ake yi a Amurka

Babu inda wannan turi ya zama kasuwa sosai kamar Amurka, don haka bari mu leƙa can kafin mu dawo gida. A ƙasar, makarantun likitanci iri biyu ne. Akwai masu ba da digirin MD, akwai masu ba da digirin DO, wato likitancin ostiyofati. Wani likita mai suna Andrew Taylor Still ne ya kawo wannan tsari a 1874, ya kuma buɗe makarantarsa ta farko a garin Kirksville na jihar Missouri a 1892. Shi yana ganin ƙashi da tsoka da gaɓoɓi suna da hannu a lafiyar jiki duka, saboda haka ake koya wa ɗalibansa gyara da tausa da hannu.

Kada jin ƙashi ya sa ku ɗauka maɗora ne irin sarkin ɗorin garinku. A yau mai digirin DO a Amurka cikakken likita ne: yana rubuta magani, yana tiyata, yana karɓar haihuwa, karatun hannun nan ƙari ne kawai a kan abin da kowa ke koya. Kusan ɗaya cikin kowane huɗu na ɗaliban likitanci a ƙasar yana irin wannan makaranta.

To ina matsalar? Da yawa daga makarantun DO ba su da nasu babban asibitin koyarwa. Ɗalibansu a ƙananan asibitocin gari suke samun horo, inda manyan farfesoshin da ke zaɓen masu neman ƙwarewa ba za su taɓa ganinsu ba. Can baya kowane ɓangare yana da nasa guraben, amma an haɗe tsarin ya zama ɗaya, aka kammala haɗewar a 2020. Yanzu mai DO da mai MD layi ɗaya suke bi. Sannan a 2022 aka daina ba da maki a jarrabawar matakin farko ta kowane ɓangare, aka mayar da ita ci ko faɗuwa kawai. Ɗalibin da a da zai nuna babban maki ya ce ga shaidata, yanzu ya rasa wannan tsani.

Abin da ya rage masa shi ne zuwa da kai, wanda Bahaushe ya ce ya fi aike. A shekararsa ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe a can, sai ya nemi izini ta intanet ya je wani babban asibitin jami'a ya yi aiki na mako huɗu. Shi zai biya kuɗin mota ko jirgi, shi zai nemi ɗakin haya, shi zai ci da kansa. Su da kansu suna ɗaukar makonnin nan a matsayin gwaji, kamar yadda ƙungiyar ƙwallo ke gwada ɗan wasa kafin ta ɗauke shi. Idan ya burge, zai fita da takardar shaida daga babban likita sananne, watakila a kira shi ganawa. A watan Maris na kowace shekara kwamfuta ke haɗa jerin zaɓin ɗalibai da na asibitoci ta faɗa wa kowa inda ya faɗa. Idan kuwa ya yi kasala ko girman kai a makonnin nan, gara ma da bai je ba, don takardunsa kaɗai da sun fi yi masa magana mai daɗi.

Tsarin yana da aibu, kuma su ma suna faɗa: ɗan mai hali zai iya zuwa asibiti uku ko huɗu, ɗan talaka da ƙyar ya je ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi a gida.

Turin da ake yi a nan

A Nijeriya babu makarantar DO irin ta Amurka, babu kuma kwamfutar watan Maris. Asibiti ne ke tallata guraben horo, a yi jarrabawa a rubuce, a yi ganawa, a nemi sunayen manyan likitocin da za su shaide ka. Amma turi zuwa baƙon wuri yana nan daram, har sau uku ma.

Na farko tun kana ɗalibi. Kowace makarantar likitanci tana fitar da ɗalibanta daga birni zuwa karkara na wasu makonni, a ƙarƙashin sashen lafiyar al'umma. Jami'ar Ibadan ce ta yi suna da wannan tun 1963, lokacin da ta fara kai ɗalibanta Igbo-Ora a yankin Ibarapa. A Arewa, ɗaliban Zariya sun san Yakawada, na Kano sun san Kumbotso, na Sakkwato sun san Kware. A can za ka shiga gida-gida, ka ƙirga rijiyoyi da masai, ka auna nauyin yara, ka zauna da mai unguwa da ungozoma, ka rubuta rahoto. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin hutu ko horo na wahala, alhali a nan ne malami ke fara gane wanda zai iya magana da mutane.

Na biyu shi ne shekarar sanin makamar aiki. Tun 2021 hukumar MDCN ce ke rarraba sababbin likitoci zuwa asibitocin tarayya ta shafinta na intanet, kuma gurbin da ya buɗe ake kamawa. Ɗan Kebbi zai iya samun kansa a Gombe ko Ilorin ko Lakwaja. Wannan shekara ce ta fi kama da mako huɗun Amurkawa, sai dai ita wata 12 ce, kuma da albashi. Duk wanda zai ba ka shaida nan gaba, mai yiwuwa a nan ya fara ganin aikinka.

Na uku yana zuwa bayan ka sami gurbin horo. Babu asibitin da ya haɗa komai, don haka kwalejojin ƙwararru suna sa a tura mai neman ƙwarewa wani wuri ya cike abin da asibitinsa ba shi da shi. Mai koyon ƙashi ya nufi asibitin ƙashi na Dala a Kano. Mai koyon ido ya nufi cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano. Mai koyon ƙwaƙwalwa ya nufi Kware ko Barnawa. Misalin da ya fi burge mu shi ne Babbar Ruga a Katsina. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo wurin a 1983 don aikin kuturta, sai ya tarar da mata masu yoyon fitsari da babu mai yi musu aiki. Ya fara ɗinkin a 1984. Cikin shekaru, wurin da ke bayan gari ya zama makarantar da likitoci da nas-nas ke zuwa daga jihohi da ƙasashe su yi makonni suna koyo, su koma da hannun aikin garuruwansu. Manyan likitoci daga manyan birane sun bar kujerunsu sun zo sun tsaya a bayan wani suna kallo.

Akwai kuma wata ƙofa da ta shafi 'yan jihohi irin tamu. Likitan da ke aiki da gwamnatin jiha zai iya neman jiharsa ta ci gaba da biyan albashinsa, shi kuma ya tafi asibitin koyarwa na tarayya ya yi horo a matsayin ƙari a kan waɗanda asibitin ya ɗauka, da sharaɗin zai dawo ya yi wa jihar aiki. Irin wannan likita baƙo ne na shekaru.

Me ake dubawa a jikin baƙo? Abubuwan ba su da wani ƙyalƙyali. Ƙarfe nawa ka iso kafin zagayen gadaje na safe. Ko ka san sunan maras lafiyar da ke gado na bakwai da abin da ya ci jiya da dare, ko sai ka buɗe fayil. Idan babban likita ya tambaye ka sakamakon gwajin jinin da ba ka duba ba, za ka ce ban duba ba, ranka ya daɗe, ko za ka ƙirƙiro lamba. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne nauyi, don lambar ƙarya tana iya kashe mutum, kuma wanda aka kama sau ɗaya ba a sake yarda da bakinsa. Ana kuma duba yadda kake da nas-nas. Sistar da ta shekara ashirin a ɗakin haihuwa ta fi sabon likita sanin lokacin da naƙuda ta fara juyewa, kuma idan babban likita yana son jin gaskiyar halin yaro, ita yake tambaya. Har littafin sa hannu da ake ba ka, inda ake rubuta kowace allura da ɗinki da karɓar haihuwar da ka yi, ana gane wanda ya cika shi da aiki da wanda ya bi manya yana roƙon sa hannu ranar ƙarshe.

Ba za mu ɓoye muku ba, sanayya tana aiki a neman gurbi, kamar yadda take aiki a kowane fanni a ƙasar nan. Amma duniyar likitoci a Arewa ƙarama ce. Ƙwararrun Sakkwato da Zariya da Kano da Birnin Kebbi suna haɗuwa a wurin jarrabawar kwaleji da tarukan shekara, da yawansu ajinsu ɗaya. Waya ɗaya ta isa a san ko kai wane ne. Yaron da ba shi da kawu a sama, sunan da ya bari a ɗakin marasa lafiya ne kawunsa.

Abin da ɗan iyaka ke tafe da shi

Yanzu mu dawo Bagudo. Ɗalibin da ya taso a nan yakan ji kamar an bar shi a baya idan ya haɗu da 'yan makarantun kuɗi na Abuja ko Kaduna. A Turanci da na'ura watakila sun riga shi. Amma akwai kayan da yake ɗauke da su waɗanda ba a saye.

Na farko ido ne da ya saba da cutar da ƙasar ke fama da ita. Binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadi mafi yawa a Nijeriya, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Shi ya sa da aka fara ba da rigakafin cutar a Disambar 2024, Kebbi da Bayelsa aka fara. Wanda ya tashi a bakin Kwara ya ga yaro mai jijjiga, ya ga mai tsargiya yana fitsarin jini bayan wanka a fadama, ya ga manomin da kububuwa ta sara a gonar shinkafa, ya ga mai naƙudar da aka ɗauko daga ƙauye a kan babur ko cikin kwalekwale. Abin da wani zai fara gani a hoton littafi, shi ya san warinsa.

Na biyu harshe. A ƙaramar hukumar Bagudo, ban da Hausa, ana jin Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci, ana jin harshen Busa da na Kyanga a wajajen Illo, ana jin na Boko a ɓangaren da ke fuskantar Segbana. Rabin aikin likita tambaya ce da sauraro. Ko a cikin Hausar ma, ɗalibin da bai san cewa masassara a bakin tsohuwar Kabi ita ce zazzaɓin Bakano ba, ko ya ji an ce yaro yana da shawara ya ɗauka nasiha ake nufi, zai sha wahala. Ku yi tunanin zagayen safe a Sakkwato ko Birnin Kebbi: an kawo dattijuwa da ba ta jin komai sai Dandanci, ƙwararren likita da mataimakansa sun yi cirko-cirko, sai wata ɗaliba daga bayan layi ta matso ta ce, Inna, ina ke miki ciwo, cikin harshen tsohuwar. Ba a manta irin wannan ɗaliba.

Na uku ita kanta iyakar. Daga Gadar Tuga ka bi ta Ka'oje zuwa Tsamiya, gabanka Segbana ce, bayanta Kandi. Ta Illo da Lolo kuwa sai Madekali da Malanbil. Mutanen ɓangarorin biyu dangi ne, kasuwa ɗaya suke ci, aure yana haɗa su, kuma maras lafiya inda ya ji akwai magani yake nufa. Sauro da ƙyanda da sanƙarau ba sa tsayawa a shingen kwastan. Saboda haka ma'aikacin lafiya a wannan yanki yakan karɓi katin rigakafi ko takardar magani da aka rubuta da Faransanci. Wanda ya san cewa paludisme a takardar nan zazzaɓin cizon sauro ne, ya kuma iya karanta ranakun allurar da aka yi wa yaro a Kandi, ya ceci lokaci, ya hana a maimaita magani. Kuma kwalejojin Afirka ta Yamma da muka ambata sun haɗa likitocin ƙasashe masu Turanci da masu Faransanci, har da Jamhuriyar Benin da Nijar. Darasin Faransancin da wasunku ke gudu a ƙaramar sakandare, a fannin likita jari ne.

Hanyar da ta fi kusa

Kusancin iyaka yana da nasa tarko, kuma wajibi ne mu faɗe shi. Idan JAMB ta ƙi, ko maki ya zo amma gurbi bai samu ba, za a sami mai raɗa wa mahaifinku cewa a tsallaken iyaka akwai makarantar da ba ta neman wannan wahala. A Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Daga baya a shekarar, ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce jami'o'i biyar kacal ake amincewa da su a Benin.

Kada a yi wa maƙwabta kuɗin goro. Jami'ar Abomey-Calavi da ke kusa da Kwatano da Jami'ar Faraku, wadda aka kafa a 2001, suna cikin biyar ɗin, suna da tsangayoyin likitanci na gaske da asibitocin koyarwa, kuma da Faransanci ake karatu a cikinsu. Shiga can ma ba wasa ba ne. Sannan duk wanda ya yi likitanci a wajen Nijeriya, ko a ina ne, sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa maras lafiya a nan. A 2022 hukumar ta ce ba za ta karɓi digirin likitancin da aka kammala ta intanet a Yukren lokacin yaƙi ba, don a wurinta ba a koyon likitanci sai a gefen gado.

Tambayar da ya kamata ku sa iyayenku su yi wa duk mai tallar makaranta, a waje ko a gida, ita ce: a wane asibiti ɗalibai ke duba marasa lafiya, gado nawa ne a ciki, kuma hukumar MDCN ta amince da makarantar? Hukumar tana wallafa sunayen makarantun da ta amince da su da adadin ɗaliban da ta yarje wa kowacce. A cikin jiha ma yanzu akwai kwalejin kimiyyar lafiya a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, akwai kuma a jami'ar jiha da ke Aliero. Su ma ku duba matsayinsu a jerin a shekarar da za ku cike fom, kamar yadda za ku duba na kowa.

Kuɗi, da maganar 'yan mata

Mun ce za mu dawo kan ɗan talaka. Turi yana cin kuɗi a nan ma. Kuɗin mota zuwa Kano ko Kaduna, ɗakin kwana idan asibitin bai ba da masauki ba, abinci a garin da ba ka da kowa, kuɗin jarrabawar kwaleji da ake biya kowane zama. Gidan da ke shirin ɗaukar nauyin ɗalibin likita ya sa wannan a lissafi tun wuri, kada a tsaya kan kuɗin rajista kaɗai. A nemi tallafin karatu na jiha, a nemi ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma a kowace jami'a, don sau da yawa su ke sama wa baƙo katifa a makon farko.

Ga ƙannenmu mata kuwa, turin nan ne yakan zama wurin da ake taka musu birki. Uba zai yarda da karatu a Sakkwato, amma da an ce wata uku a wani gari sai gardama ta tashi, ko miji ya ce bai san da wannan ba. Shawararmu ita ce a yi maganar tun kafin a cike JAMB, a kuma sake yin ta kafin a sa ranar aure, a fili, gaban manya. Mutanen da ke cewa ba sa son namiji ya duba matansu su ne suka fi kowa buƙatar likita mace, kuma babu likita macen da za ta ƙware a fannin haihuwa ba tare da ta kwana a asibitocin da ba na garinsu ba. Yawancin asibitocin koyarwa suna da masaukin likitoci a cikin harabarsu, wannan ma abin faɗa wa Baba ne.

Ƙasar na buƙatarku fiye da yadda kuke zato. A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci dubu 15 zuwa 16 sun bar Nijeriya cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuma kimanin dubu 55 ne, akasarinsu a manyan birane. Yankin da ke bakin iyaka shi ne na ƙarshe da rabon ke isa.

Akwai abin da za ku iya yi tun wannan zangon. Ba a barin ɗan sakandare ya taɓa maras lafiya, kuma kada ku yarda wani mai kemis ya koya muku yin allura da sunan share fage. Amma za ku iya roƙon shugaban makarantarku ya gayyato likitan babban asibitin Bagudo ko na Illo ko na Ka'oje, ko mai hidimar ƙasa da aka turo, ya yi muku awa ɗaya ranar Juma'a bayan tashi. Akwai yiwuwar shi ma baƙo ne, daga Inugu ko Ibadan ko Jos, yana cikin nasa turin. Ku tambaye shi inda ya yi zaman karkara yana ɗalibi, da asibitin da ya san makamar aiki, da wanda ya fara riƙe masa hannu ya yi ɗinki. Ku tambaye shi kalmar Hausa ko ta Dandanci da ta fi ba shi wahala a ɗakin duba marasa lafiya, ku rubuta masa fassararta a takarda kafin ya tafi.